Darasi: Wutar Rana a Kan Babbar Mota

 

Darasinmu na yau ya bar garka ya hau hanya. Za mu yi magana a kan babbar mota, wadda muke ce wa kamyo, da yadda ake sa mata wutar rana don ɗakin da direba yake kwana. Wani zai ce: "Ina ruwan manomi da makwancin direba?" Da ruwanka, ɗan'uwa. Albasar da ka yi wata da watanni kana ba ta ruwa a Tabelot, da dankali da tafarnuwar Bagzan, da lemun Timiya, ba su zama kuɗi sai mota ta kai su kasuwa. Daga Agadas zuwa Tawa wajen kilomita 400 ne. Zuwa Damagaram wajen 450. In mota ta kwanta a tsakani, guminka ne ya kwanta. Ban da haka, da yawa cikinku kuna da ɗa ko ƙane yaron mota, wasu ƙungiyoyin manoma kuma suna da motar kansu.

Karanta darasin nan a hankali. Ka ɗauko alƙalami da takarda, don akwai lissafi a ciki.

1. ABIN DA NA GANI DA IDONA

Wata shekara, cikin watan Oktoba, na raka albasar wata ƙungiya zuwa kudu. Tsakanin Agadas da Abalak wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motar. Aka tura yaro ya koma gari ya samo wani. Muka kwana biyu a bakin hanya. Da dare ana kunna fitila da rediyo da fanka. Kowa ya miƙo salularsa a sa masa caji. Duk wutar nan daga batirin motar take fita.

Ran na uku aka gyara ƙarfen. Direba ya murɗa makulli, inji ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Batir ya mutu. Mota cike da kaya, ƙafafunta cikin rairayi, ba ta turuwa. Salula ma ta mutu, babu halin kiran kowa. Muka ƙara wuni da kwana kafin Allah ya kawo wata babbar mota mai igiyar haɗa batir. Duk wannan lokaci albasa tana cikin rana ƙarƙashin tampol. Da muka isa, buhunan ƙasa sun fara ruwa, mai saye ya karya kuɗi yadda ya ga dama.

Ƙarfen da ya karye ƙaddara ce. Mutuwar batir kuwa mu muka jawo ta da hannunmu. Kuma duk kwanakin nan rana tana dukan rufin motar tun safe har yamma, ba mu amfana da ita da komi ba.

2. BA A CIN IRI

Ga babbar maganar darasin nan. In ka manta da sauran, kada ka manta da wannan.

Manomin kirki yana raba hatsinsa biyu: na ci daban, na iri daban. Kome yunwa ba ya taɓa iri, don ya san shi ne shukar baɗi. Batirin da ke tada inji shi ne irin mota. Aikinsa guda ne: tada inji. Fitila da fanka da salula su sami nasu batir daban, wanda rana za ta riƙa cikawa. In na ɗaki ya ƙare, an kwana cikin duhu, shi ke nan. In na inji ya ƙare a daji, rai ma yana cikin haɗari.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi. Yawancin manyan motoci suna aiki da bolt 24, wato batir biyu masu bolt 12 da aka haɗa a jere. Sai yaron mota ya sayo fanka ta bolt 12, ya ɗaura wayarta a kan batir guda. Wannan batir kullum ana tatsarsa, ɗan'uwansa ba a taɓa shi. Dinamon mota kuwa tare yake cika su. Ɗaya ba ya ƙoshi, ɗaya kuma ya sha fiye da ƙima. Kafin wani lokaci duka biyun sun lalace. Kamar ka ɗaure sa mai ƙiba da ramamme a garma ɗaya ne.

Wasu direbobi sun san wannan haɗari, sai su bar inji yana aiki da dare don kada batir ya sauka. Babbar mota tana tsaye inji na juyawa tana shan gazuwal lita 2 zuwa 3 a awa guda. In awa 4 ne kowane dare, lita 8 zuwa 12 ke nan. A dare 20, lita 160 zuwa 240. Ka tambayi kuɗin lita a gidan mai, ka ninka da kanka. Wannan kuɗi a ƙarshe cikin kuɗin dakon buhunka yake shiga.

3. KAYAN AIKI GUDA BIYAR

Amfani da rana ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun 1965 Nijar ta kafa ma'aikatar binciken ƙarfin rana, ONERSOL. Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, ya shugabance ta daga 1969 zuwa 1985, kuma sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi. A 2018 aka buɗe tashar wutar rana ta Malbaza mai ƙarfin wat miliyan 7. Abin da ake yi a can da girma, shi za mu yi a kan mota da ƙanƙanta. Kayan guda biyar ne. Ka kwatanta su da ban ruwan garka, za ka gane su nan da nan.

Na ɗaya, farantin rana, wanda ƴan kasuwa ke ce wa pano. Shi ne rijiya. Yana mai da hasken rana wutar lantarki. Haske yake so. Zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi.

Na biyu, batir. Shi ne tafkin da ake tara ruwa. Abin da aka tara da rana shi ake sha da dare.

Na uku, mai tsaron batir, wato regilater. Shi ne mai buɗe hanyar ruwa da toshe ta. In batir ya cika ya rage wuta, in ya kusa ƙarewa ya kashe fitilu. Kada ka taɓa haɗa faranti da batir kai tsaye ba tare da shi ba.

Na huɗu, inbata. A kasuwar Agadas za ka ji ana ce masa kombertiser. Yana karɓar wutar batir ta bolt 12 ko 24, ya mai da ita bolt 220 irin ta gidajen birni.

Na biyar, wayoyin wuta da fis, wanda makanikai ke ce wa fizibil. Waya ita ce hanyar ruwa. Fis kuwa ɗan siririn ƙarfe ne da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ya ƙone shi kaɗai, mota ta tsira.

Akwai kalmomi uku da za ka gani a jikin kaya. Bolt (V) shi ne ƙarfin turin wuta. Amper (A) shi ne yawan wutar da ke gudu cikin waya. Wat (W) shi ne abin da kowane kaya ke ci. In ka ninka bolt da amper, ka sami wat.

4. LISSAFI KAFIN SAYE

Ba a gina rumbu sai an san yawan damman da za a zuba. Kafin ka je kasuwa, rubuta duk abin da za a kunna, da wat nasa, da awa nawa zai yi. Ninka wat da awa. Abin da ya fito muna ce masa wat-awa. Shi ne mudun awon wuta. Ga misali:

Fitila 2 irin ta LED, kowace wat 5, awa 4: 2 × 5 × 4 = 40
Fanka 1, wat 20, awa 8: 20 × 8 = 160
Salula 4, kowace tana shan wajen 15: 4 × 15 = 60
Rediyo 1, wat 10, awa 4: 10 × 4 = 40
Jimla: wat-awa 300 a wuni da kwana.

In an ƙara ƙaramin firigo na mota mai wat 50, wanda injinsa ke aiki wajen awa 10 a kwana, an ƙara 500. Jimla ta zama 800. Ka ga firigo shi kaɗai ya fi sauran duka ci.

Yanzu girman faranti. A ƙasar Agadas, hasken wuni guda ya kai kamar awa 6 na rana tsaka. Amma zafi da ƙura da wayoyi suna cin rabonsu, wajen kashi 3 cikin 10. Saboda haka riƙe wannan ƙa'ida mai sauƙi: ninka wat na faranti da 4. Faranti mai wat 100 zai ba ka wajen 400 a wuni. Mai wat 200 zai ba ka wajen 800. Wanda buƙatarsa 300 ce, faranti mai wat 100 ya ishe shi. Mai firigo kuwa kada ya kasa wat 200, in rufin motar zai ɗauki fiye da haka ya ƙara, saboda kwanakin hazo.

Sai girman batir. A jikinsa za ka ga an rubuta misali 12 V, 100 Ah. Ninka su: 12 × 100 = 1200. Amma batir mai dalma ba a shanye shi duka. Rabi ake sha a bar rabi, in ana so ya daɗe. Ke nan 600 ne naka. Mai buƙatar 300, batir guda zai kai shi kwana biyu ko da rana ba ta fito ba. Mai buƙatar 800 sai batir biyu.

Batirin tada inji da batirin sola ba ɗaya ba ne. An yi na inji don ya ba da wuta mai yawa cikin ɗan lokaci. An yi na sola don a sha shi sannu sannu dare guda. In ka sa na inji a aikin ɗaki, ba zai daɗe ba. Akwai kuma batirin lityom mai alamar LiFePO4. Ba shi da nauyi, ana iya shan kashi 8 cikin 10 nasa, yana kuma daɗewa, amma ya fi tsada, kuma sai da mai tsaron batir da ya dace da shi.

5. BOLT 12 KO BOLT 24?

Ga mai ƙaramar buƙata, shawarata ita ce bolt 12: faranti guda, batir guda, mai tsaro mai amper 10 ko 20. Kada waya ko guda ta haɗa su da wutar mota. Wannan ya fi sauƙi, ya fi araha, kuma fitilu da fankoki na bolt 12 suna samuwa a kasuwa.

Ga mai firigo, bolt 24 ya fi. Ana haɗa batir biyu a jere: ƙari (+) na ɗaya da ragi (−) na ɗayan. Su zama iri ɗaya, girma ɗaya, sababbi duka. Farantai biyu na bolt 12 su ma haka ake jera su. Makaniken wuta yana iya sa wani makunni tsakanin batiran ɗaki da na inji, wanda ke haɗa su in inji yana aiki, ya raba su da zarar an kashe. Ta haka dinamo ma yana taimaka wa rana. Wannan aiki na gwani ne, kada yaron mota ya gwada shi da ka.

Mai tsaron batir iri biyu ne. Mai alamar PWM yana da araha, ya dace da ƙaramin faranti. Mai alamar MPPT ya fi tsada, ya fi tatso wuta, kuma shi ake buƙata in farantin babba ne irin na rufin gida. Ka lura: akwai na jabu da aka rubuta wa MPPT a jiki. Na gaske yana da nauyi a hannu, don akwai naɗin wayar tagulla a cikinsa. Araha ba ta ado.

6. ƊAURA FARANTI A KAN MOTA

Auna rufin kan motar da mita kafin ka saya. Faranti mai wat 100 tsawonsa wajen mita guda ne, faɗinsa ya ɗara rabin mita kaɗan.

A sa mai walda ya yi masa gado na ƙarfe. A yi waldar a ƙasa, sannan a ɗora. In dole sai an yi walda a jikin mota, a cire wayoyin batir tukuna, don wutar walda tana lalata dinamo da na'urorin mota.

Bar fili kamar yatsa uku ko huɗu tsakanin faranti da rufi, iska ta riƙa ratsawa. A watan Mayu da Yuni zafin Agadas yana wuce digiri 40 a inuwa, ƙarfen rufi kuwa ya fi haka nesa. Duk digiri 10 da faranti ya ƙara zafi, yana rasa wajen kashi 4 cikin 100 na ƙarfinsa. Akwai faranti mai lanƙwasa da ake liƙawa da gam. Yana da sauƙin sawa, amma ba ya samun iska a ƙasansa, zafi yana saurin kashe shi.

Hanyoyinmu akwai gargada. Sa roba tsakanin faranti da gadonsa. Ɗaure da ƙusa da noti biyu biyu, ta ramukan da ke jikin firam ɗinsa. Kada ka huda gilashi ko bayansa. A gaba a sa ɗan ƙarfe mai kare iska, kada iskar gudu ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga shi. Duk ramin da aka huda a rufi a toshe shi da silikon saboda ruwan damana.

Babban abokin gabar faranti inuwa ce. Ƴan murabba'an da kake gani a fuskarsa a jere suke kamar raƙuman ayari: in ɗaya ya durƙusa, duka sun tsaya. Jarkar ruwa, ko bakin tampol, ko ƙunshin kayan fasinja, in ya rufe kusurwa guda, wutar tana faɗuwa ƙwarai. A hana ɗora kaya a kansa, a hana zama a kansa. In an tsaya hutawa, a nemi yadda kan mota zai kasance cikin rana, mutane su shiga inuwa.

Wayar da ke sauka daga faranti ta zama mai kaurin murabba'in milimita 4, wadda rana ba ta ci. Inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, don girgiza tana sa bakin ƙarfe ya yanke ta. Ka tuna kuma, a motoci da yawa ana kifa kan mota gaba in za a duba inji. In batir yana ƙasa a jikin shasi, wayar ta bi ta wajen maƙalar da kan ke juyawa, a bar mata sarari. In ba haka ba, ranar da aka kifa kan, ta tsinke.

7. WURIN BATIR DA INBATA

Batir mai murafu, wanda ake zuba wa ruwa, yana fitar da wata iska in yana caji. Ba a ganinta, amma tartsatsi kaɗan ya isa ta fashe. Irin wannan batir ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutum. Wurinsa waje, cikin akwati mai ramukan iska, a inuwa, nesa da salansa. Batir rufaffe, irin mai alamar GEL ko AGM, ana iya sa shi ciki, amma cikin akwati ɗaure da ƙarfe, da ƙofar iska zuwa waje. Zafi yana rage kwanan kowane batir. Nemi wurin da ya fi sanyi.

Inbata a kafa shi da ƙusa kusa da batir, inda iska ke wucewa. Kada a tura shi ƙarƙashin katifa, kada a rufe shi da bargo ko rawani. Yana da ƴar fanka a ciki da ke buƙatar numfashi.

Wayar inbata ita ce wurin da gobara ta fi tashi. Ga dalili. Raba wat da bolt, ka sami amper. Inbata mai wat 300 a bolt 12 yana jan amper 25, har ya ɗara. Siririyar waya ba ta ɗaukar wannan, sai ta yi zafi ta narke. Ga irin wannan inbata, sa waya mai kaurin murabba'in milimita 10, tsawonta kada ya wuce mita ɗaya da rabi, da fis mai amper 40. A bolt 24 amper ɗin rabi ne. Shi ya sa manyan kaya suka fi son 24.

Kowace waya da ta fito daga ƙari (+) na batir, a sa mata fis nata, kusa da batir, kada ya wuce taƙi guda. In fis ya ƙone, nemi dalili, ka sa wani mai lamba ɗaya da shi. Wanda ya ɗaura waya ko takardar sigari a madadin fis ya cire mai gadi ya bar ƙofa buɗe.

In za ka sayi inbata, duba bolt ɗinsa ya yi daidai da na batirinka. Wanda aka rubuta wa "pur sinus" wutarsa sumul take kamar ta gari, ya dace da duk wani abu mai inji a ciki. Mai arahar yana sa fanka ƙugi da zafi, yana kuma lalata wasu na'urori.

8. YADDA AKE HAƊAWA, BI DA BI

Cire zoben azurfa da agogo. Naɗe hannun sifana da roba, don in ta haɗa kawunan batir biyu tana iya yin ja kamar garwashi. Ja na ƙari (+) ne, baƙi na ragi (−). Sannan ka bi wannan jeri:

1. Rufe fuskar faranti da bargo.
2. Haɗa batir da mai tsaro, sannan ka sa fis. Mai tsaro zai kunna, ya gane ko 12 ne ko 24.
3. Haɗa faranti da mai tsaro.
4. Haɗa fitilu da fanka a wurin da aka zana hoton fitila.
5. Haɗa inbata kai tsaye da batir, ta fis nasa, yana kashe. Kada ka sa shi a wurin fitila na mai tsaro, zai ƙone shi.
6. Yaye bargo. Duba lambar bolt, za ka ga tana hawa.

In za a kwance, a fara da faranti, a ƙare da batir. Batir shi ne farkon shiga, shi ne ƙarshen fita.

9. ABIN DA WUTAR NAN BA TA IYAWA

Gara ka ji gaskiya tun yanzu. Duk abin da aikinsa zafi ne yana cin wuta ƙwarai. Butar lantarki tana cin wajen wat 1500. A bolt 12 wannan amper 125 ne. Rasho da dutsen guga na lantarki haka suke. Na'urar sanyaya ɗaki irin ta gida kuma, a dare guda tana shan abin da farantinka zai yi kwanaki yana tarawa. Waɗannan ba na ƙaramin tsari ba ne.

Inbata kansa yana ci. Cikin abin da ya ratsa shi yana riƙe wajen kashi 1 cikin 10. Ko ba a sa masa komi ba, in yana kunne yana shan wat 5 zuwa 10. Wat 5 sau awa 24, 120 ke nan, sun tafi a banza. Saboda haka fitila da fanka da cajin salula a nemi masu aiki da wutar batir kai tsaye. A kunna inbata don abin da ba shi da wata hanya, kamar injin aski ko telbijin, in an gama a kashe.

Wutar da ke fita daga inbata bolt 220 ce, tana kisa kamar ta gari. Kada a taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Kada a haɗa ta da wayar gidan da ke da wutar Nijelek.

Wani gargaɗi na lokacin ɗari: kada a shiga da garwashin shayi cikin kan mota a rufe gilasai. Hayaƙin gawayi yana da guba marar wari, mutum ya yi barci bai farka ba. Shayi a waje ake dafa shi.

10. KULAWA

Kowace safiya, kafin rana ta yi zafi, a goge fuskar faranti da tsumma mai laushi da ruwa kaɗan. Kada a goge ƙasa a bushe, tana kankare gilashi. Kada a watsa ruwan sanyi a kansa da tsakar rana. Lokacin hunturu a ƙara kula, ƙura takan rufe shi cikin wuni guda.

Kowace safiya kuma, kafin rana ta hau faranti, a kashe komi a karanta lambar da mai tsaro ya nuna. Ga batir mai dalma na bolt 12: 12.7 cike yake, 12.2 ya kai rabi, ƙasa da 12 ya ji jiki, a rage kunne-kunne. Ga na 24 a ninka biyu.

Bayan kowace tafiya a bi notuna da sifana, a duba kawunan batir ko sun yi farin gari, a shafa hannu a wayoyi ko akwai inda ya goge. Batir mai murafu a ƙara masa ruwan batir kawai. Ruwan rijiya yana da gishiri, yana kashe shi.

In duk da haka wata rana batiran inji suka mutu a daji, faranti zai iya ceton ku. A cire su daga mota, a sa su a mai tsaro ɗaya bayan ɗaya in tsarin na bolt 12 ne, a bi jerin haɗawa da muka faɗa. Ƙaramin faranti yana iya ɗaukar wuni guda ko biyu ga kowane batir. Akwai jira, amma akwai mafita, kuma salula tana raye.

11. AIKIN ƘUNGIYA

In motar ta ƙungiyarku ce, ku kawo maganar nan a taro. Magatakarda ya rubuta kuɗin kayan a littafi, ya rubuta gazuwal ɗin da ake sha kafin sawa da bayan sawa. Bayan kakar albasa guda ku duba da idonku. In hayar mota kuke yi, kafin a yi lodi ku tambayi direba: "Malam direba, fitilarku da salularku daga wane batir suke sha?" Amsar da ya bayar za ta nuna muku irin hannun da za ku damƙa wa kayanku.

Wannan lissafi kuma bai tsaya ga mota ba. Shi ne dai za ka yi in kana son fitila a bukkar garka ko a ajin karatun manya.

TAMBAYOYI

A tattauna su a wurin sauraren rediyo, kowa ya rubuta amsarsa:

1. Me ya sa muka kira batirin inji iri?
2. Wace ɓarna ke faruwa in an ɗauki wuta daga batir guda cikin biyu?
3. Direba yana da fitila 3 masu wat 5, awa 4, da fanka mai wat 20, awa 10. Wat-awa nawa yake buƙata? Faranti mai wat 100 zai ishe shi?
4. Batir mai 12 V, 150 Ah, wat-awa nawa za a iya sha daga cikinsa ba a cuce shi ba?
5. Wanne ake fara haɗawa da mai tsaro, faranti ko batir?

Ku ba malamin karatunku amsoshin ya aiko mana. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman direbobi da yaran mota na garinku. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a garka da kasuwa. Amin.

Naku, malamin gona, Agadas.